Ku Tambaya Mu Amsa: Taswirar da Ka Zana, Wa Take Goyon Baya?

Wasiƙun wannan fitowa daga masu zana taswirar wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta suka zo, irin wasannin da ake gina sansani, a tara dukiya, a haɗa runduna a auka wa abokin gaba. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zana taswirar mutum biyu a StarCraft II. Rabi ɗaya na gina, na kwafe shi na juya, saboda haka duk abin da ke wannan gefe yana wancan. Amma abokan wasana sun dage wai taswirar tana da son kai. Ta yaya abin da yake iri ɗaya sak zai fifita wani? *Mai karatu daga Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙasa kawai ka raba daidai. Gine-gine da mayaƙan da za su zauna a kanta ba sa juyawa tare da ita.

Fara da abin da ido zai iya gani. Ɓangaren Terran, ɗaya daga cikin ɓangarori uku na wasan tare da Zerg da Protoss, yana liƙa wa barikinsa da masana'antarsa wani ƙaramin ɗaki mai tayil 2 tsawo 2 faɗi (tayil shi ne ɗan murabba'in da ake auna filin taswira da shi), kuma a hannun dama yake fitowa kullum, ko ina sansanin yake. Idan ƙofar sansanin sama ta dubi hagu, ta ƙasa kuma ta dubi dama, mutum ɗaya zai toshe ƙofarsa da bariki, ɗakin yana ɓoye a ciki, ɗayan kuwa nasa ɗakin zai faɗo waje inda za a fara sara, ko ya rasa wurin gina shi gaba ɗaya. A tsohon wasan, Brood War, abin ya fi haka tsanani. Rijiyar gas da ke sama ko hagu da babban gini, ma'aikata 3 sun ishe ta. Wadda ke ƙasa ko dama kuwa sai an ƙara na huɗu kafin ta ba da abin da 'yar'uwarta ke bayarwa. Shi ya sa ƙwararrun masu zane suke karya tsarin juyin da gangan, su ajiye rijiyar kowane babban sansani a sama ko a hagu. Wanda bai sani ba zai ce kuskure ne.

Wannan son kai na wuri ke nan. Akwai na ɓangare, kuma shi ne ya fi tayar da jijiyoyin wuya. Zerg na buƙatar buɗaɗɗen fili don ya kewaye abokin gaba, da sansani na uku wanda zai iya kamawa da wuri. Terran da tankokinsa, da Protoss, sun fi jin daɗin matsatsin wuri inda rundunar da ta fi yawa za ta shigo a jere ana ɗauke ta ɗaya bayan ɗaya. Tankar Terran idan ta kafe tana harbi daga nisan tayil 13. Duk tudun da ke kusa da layin ma'aikata bai kai wannan nisa ba, ka ba wa Terran kyauta, ko da ka yi tudun a gefe biyu, domin a wasan Terran da Zerg mutum ɗaya ne kawai yake da tanka. Tsohuwar taswirar Lost Temple ta shahara da wannan: akwai tudu a saman sansani na biyu, jirgi ya sauke tanka a kai, ma'aikata su yi ta mutuwa babu mai iya hawa. Steppes of War kuma, cikin taswirorin farko na StarCraft II a 2010, tata matsalar kusanci ce. Tazarar da ke tsakanin sansanonin ta yi gajarta har mai son faɗaɗa tattalin arzikinsa ba ya samun sukuni.

Ga abin da za ka yi kafin ka sake gayyatar kowa. Ka shiga taswirar kai kaɗai da agogo a hannu. Ka tura ma'aikaci daga ƙofar sansanin sama zuwa ta ƙasa, ka rubuta daƙiƙoƙin, sannan ka yi daga ƙasa zuwa sama. Ka auna daga babban sansani zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, a gefe biyun. Bambancin daƙiƙa ɗaya ko biyu yakan nuna wani dutsen ado ko itace da ya tare hanya a gefe ɗaya. Bayan nan ka gina katanga da kowane ɓangare a kowane gefe: Terran da rumbuna biyu da bariki ɗaya a bakin hanyar hawa, Protoss da manyan gine-gine masu tayil 3 da 3 a ƙofar sansani na biyu, ya bar kafa ɗaya da mayaƙi guda zai tsaya ya toshe. Idan ƙofar ta yi faɗin da sai ya ƙara gini, 'yan Zergling, ƙananan mayaƙan Zerg masu gudu, za su shige masa kafin ya gama. Ka duba kowane sansani yana da tulin ma'adinai 8 da rijiyar gas 2, kuma babban gini mai tayil 5 da 5 yana zama daram a wurinsa. A ƙarshe ka ɗauki tanka ka zagaya da ita bakin kowane tudu, ka ga me take kaiwa. Ka kuma dubi sararin da ka bari a bayan ma'adinai, inda sojan ƙasa ba ya iya zuwa. Idan ya yi yawa, jirage za su samu mafaka su dinga kai hari suna komawa.

Tambaya: Mun buga wasa 20 a taswirata, wanda ya fara a gefen arewa ya ci 13, na kudu ya ci 7. Abokina ya ce hujja ta tabbata, in gyara. Ni kuma ban ga abin gyara ba. Wa ke da gaskiya? *Ɗalibi daga Zariya*

Amsa: Har yanzu babu wanda ya kafa hujja a cikinku. Ka ɗauki kwabo ka jefa sama sau 20. Yiwuwar wata daga cikin fuskokin biyu, ko wacce ce, ta fito sau 13 ko fiye ta kai kusan ɗaya cikin huɗu. Ma'ana, ko da taswirarka ba ta da aibi ko kaɗan, idan rukuni huɗu suka yi irin gwajinku, ana sa ran ɗaya zai samu sakamako kamar naku ko wanda ya fi shi karkata.

Lissafin haka yake tafiya. A wasa 100 kan taswira mai adalci tsakanin mutanen da ƙarfinsu ɗaya, duk sakamakon da ya faɗa tsakanin 40 da 60 ba abin mamaki ba ne. Sai an kai wasa 400 tazarar take matsewa zuwa kashi 45 da 55 cikin ɗari. A wasa 1,000 ta koma wajen 47 da 53. Kuma wannan idan tambaya ɗaya ake yi. A wasan da ke da ɓangarori uku, karawar Terran da Zerg daban, ta Terran da Protoss daban, ta Zerg da Protoss daban, kowace da nata ƙidayar.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarancin wasanni ɓata lissafi: su waye suka buga? Idan gwanin cikinku ya faɗa arewa sau 12 cikin 20 ɗin, ƙwarewarsa kuka auna. Maganin shi ne abin da ake yi a filin ƙwallo mai gangare, a canja gida bayan hutun rabin lokaci. Kowane mutum biyu su buga sau biyu a jere, ɓangare ɗaya, dabara ɗaya, a sauya wuri kawai. Don gano son kai na wuri, a yi amfani da karawar ɓangare da kansa, Zerg da Zerg misali, saboda a nan babu abin da ya bambanta sai wurin farawa da hannun mai wasa.

Mun san ba za ku iya tara wasa 400 ba, kuma ba a buƙata. Mai zane da ba shi da dubban 'yan wasa dalili yake nema, ba adadi ba. Ku adana rikodin kowane wasa. Ka zauna da wasanni 13 ɗin da kudu ya faɗi, ka rubuta minti nawa aka yi karon da ya yanke hukunci da kuma a ina. Idan a tara daga ciki an karya kudu a wuri ɗaya, a kusan lokaci ɗaya, ta hanya ɗaya, ka je wurin ka auna, akwai magana. Idan kowane wasa da irin tasa faɗuwar, wannan ya manta da leƙen asiri, wancan ya yi barci da dukiya a rumbu, ka bar taswirarka yadda take. Idan abokin naka yana zargin wata dabara ce ba ta da magani daga arewa, ku gwada ta kai tsaye: ya faɗa maka abin da zai yi, ka shirya masa, ku maimaita sau biyar. Dabarar da ka san tana zuwa kuma ka kasa tarewa, ita ce ke nuna taswira ta karye.

Tambaya: Ina rubuta taswirar Age of Empires II irin wadda kwamfuta ke sake tsarawa a kowane wasa. Wani lokaci zinaren mutum ɗaya yana bayan gari, na ɗayan yana gaba a kan tudu. Wani lokaci ma sai mutum ya rasa aladen daji ɗaya. Kuskurena ne ko haka abin yake? *Mai karatu daga Jos*

Amsa: Matsala biyu ka haɗa, Malam. Ta farko ɗabi'ar wasan ce, ta biyu kuskure ne kuma dole a gyara shi.

Mu fara da aladen. A tsarin da aka saba a taswira irin Arabia, kowa yana samun tumaki 8 masu abinci 100 kowace, aladen daji 2 masu 340 kowane, kurmin 'ya'yan itace 6 masu 125, sai barewa 'yan kaɗan masu 140. Ƙirƙirar ma'aikaci ɗaya abinci 50 ne, haurawa zamani na biyu, wato matakin ci gaba na gaba a wasan, 500. Wanda ya rasa alade ɗaya ya rasa abincin kusan ma'aikata bakwai a mintunan da kowane ma'aikaci ke da daraja. Tsakanin mutanen da ƙarfinsu ɗaya, wannan ya isa ya yanke wasa.

Dalilin ɓacewar yana cikin yadda wasan ke karanta rubutunka. Yana fara ajiye 'yan wasa, ya shimfiɗa ƙasa, ya ta da tuddai, ya yanka duwatsun da ba a hawa, ya shuka daji da ruwa, ya buɗe hanyoyi, sannan a ƙarshe ya zo kan kayayyaki, kuma su ma a jerin da ka rubuta su. Idan ka ce a sa alade tsakanin min_distance_to_players da max_distance_to_players, wato a zoben da ke tsakanin mafi kusa da mafi nisa daga ɗan wasa, kuma ka matse tazarar sosai, wata rana daji ko ruwa ko zinaren da aka riga aka ajiye zai cinye zoben gaba ɗaya. Wasan ba zai yi maka gargaɗi ba, zai tsallake aladen ya wuce. Gyaran abu uku ne. Ka faɗaɗa zoben da tayil uku ko huɗu. Ka rubuta abubuwan da ba a iya rayuwa babu su a sama, wato cibiyar gari, ma'aikata, tumakin farko, 'ya'yan itace, babban zinare, alade, sannan kayan ado a can ƙasa. Ka kuma hana daji matsowa bakin gari da set_avoid_player_start_areas. A Definitive Edition, sabon zubin wasan da ya fito a 2019, akwai actor_area da avoid_actor_area, waɗanda ke ba ka damar cewa dutse ya nisanci zinare da tayil kaza. Ka tabbata kuma ba ka manta set_place_for_every_player ba, domin idan babu shi, adadin da ka rubuta na taswirar ne gaba ɗaya, ba na kowane mutum ba.

Zinaren gaba da na baya kuwa, a nan ake gardama ta gaske. Babban tulin zinare tayil 7 ne, kowane 800, jimla 5,600. Babban dutse tayil 5 masu 350, kagara kuma 650 take ci. Wanda ya tsaya a kan tudu yana ƙara kashi 25 cikin ɗari a kan bugunsa, wanda ke ƙasa kuma a rage masa 25. Saboda haka zinare a gaba, a gindin tudu, yana nufin abokin gaba ya kafa kagara a saman tudun ya raba ka da 5,600 a lokaci guda. Wasu na cewa wannan zalunci ne, a daidaita komai. Wasu na cewa ai daɗin Age of Empires ke nan, ka leƙa ka ga abin da aka ba ka, ka sauya shiri. Mu muna tare da na biyun, da sharaɗi: abin da ya faɗo wa mutum ya zama yana da mafita. Zinaren gaba ba laifi idan ɗaya daga cikin ƙananan tulin zinare biyu da kowa ke samu, masu tayil 4, yana baya. Dukkansu uku a gaba, ga daji a nesa, wannan ba sa'a ba ce, rubutun ne ya gaza.

Gwajin ba wuya sai cin lokaci. Ka buɗe wasa da kwamfuta, ka zaɓi a bayyana taswira duka, ko ka rubuta kalmomin sirrin da ke bayyana ta, marco sannan polo, a wurin hira. Ka sake ƙirƙirar taswirar sau 30 zuwa 50, kowane karo ka ƙirga kayan kowa ka duba inda suka faɗa. Idan mummunan tsari ya fito sau biyu cikin 40, wasa ɗaya cikin ashirin ke nan zai lalace.

Ka lura kuma duk abin da ka ƙara akwai al'ummar da ka ƙarfafa. Ƙarin namun daji kyauta ce ga Mongol, waɗanda mafarautansu ke aiki da sauri da kashi 40 cikin ɗari. Ƙarin tumaki na Birtaniyawa ne, makiyayansu sun fi sauri da kashi 25. Taswirar da ke tilasta yawan gini da itace tana yi wa mutanen Mali daɗi, tun da gine-ginensu na da rangwamen itace na kashi 15. Ba za ka iya daidaita al'ummomi fiye da arba'in a taswira ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa yi. Abin da ake nema shi ne kada zaɓi ya koma biyu ko uku kacal.

Tambaya: Na nuna wa mutane taswirata, wasu suka ce shara ce ba tare da wani bayani ba. Wani gwani da ya fi ni wasa nesa ba kusa ba ya ce in toshe ƙofar baya ta sansani, alhali saboda ita na zana taswirar. Raina ya ɓaci. In bi maganarsa? *Mai karatu daga Katsina*

Amsa: Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, kowane mai zane yana shan wannan. Masu cewa shara ba su ba ki abin aiki ba, ki tambaye su sau ɗaya: a ina, a minti na nawa, da wane ɓangare? Wanda ya amsa ya zama mai gwaji, wanda ya yi shiru ki wuce.

Maganar gwanin ita ce abin zama a kai. Ƙwararren ɗan wasa ba ya cika kuskure wajen faɗin inda ke masa ciwo. Idan ya ce ba ya iya kare sansaninsa, ki yarda. Amma maganin da zai ba ki kusan kullum ɗaya ne: a mayar da taswirar ta yi kama da waɗanda ya saba, domin a kansu ya kashe dubban awoyi yana haddace tsarin gini. Saboda haka ki karɓi ciwon, ki nemi maganin da kanki. Ƙofar baya tana da hanyoyin gyara da yawa kafin a kai ga toshewa. Ana iya tare ta da duwatsun da sai an ɓata lokaci ana fasawa, yadda ba za ta buɗe ba sai tsakiyar wasa. Ana iya tsawaita hanyar da maharin zai bi ya kai gare ta, yadda mai gida zai riga shi zuwa daga ƙofar gaba. Ainihin ma'aunin ke nan: ki auna daƙiƙoƙin da mai gida ke ɗauka daga ƙofa zuwa ƙofa ta ciki, da waɗanda maharin ke ɗauka ta waje. Idan na maharin sun fi gajarta, gwanin yana da gaskiya ɗari bisa ɗari, domin za a yi ta wasa da mai gida tsakanin ƙofofi biyu har ya gaji. Idan na mai gida sun fi gajarta sosai, ana iya kare ƙofar, sabo ne kawai babu.

Wannan ja-in-ja ya girme ki a harkar. Blizzard, kamfanin da ya yi StarCraft, ta yi gyaranta na ƙarshe ga ƙarfin mayaƙan Brood War a 2001, kuma ko da aka sabunta wasan a 2017 ba a taɓa wannan ba. Duk shekarun da aka yi ana gasar ƙwararru a Koriya ta Kudu, da taswira ake daidaita ɓangarorin uku. Idan wani ɓangare ya yi rinjaye, sai taswirorin kaka ta gaba su zo da faɗin ƙofa dabam ko sansani na uku a wani wuri. Daga nan aka samu irin su Fighting Spirit, wadda aka daɗe ana ɗauka a matsayin ma'auni. Amma nasarar ta zo da tata illa: da aka gano tsarin da ke aiki, sai taswirori suka fara kama da juna. A StarCraft II, gasar zanen taswira ta Team Liquid, dandalin masoya wasan, ta zama hanyar da aikin masoya ke shiga jerin taswirorin hukuma, kamar yadda Cloud Kingdom da Ohana suka shiga. Can ma rigimar ɗaya ce. Masu zane na son sabon abu, 'yan wasa kuma suna da damar cire wasu taswirori daga jerinsu, kuma baƙuwar ita ake fara cirewa. Taswirar da aka ƙi bugawa ba ta tara wasannin da za su nuna ko tana da adalci, sai hukuncin farko ya zauna a kanta har abada.

Shawararmu: baƙon abu ɗaya a taswira ɗaya. Idan ƙofar baya ce sabon abinki, ki bar sauran komai yadda aka saba, adadin ma'adinai, faɗin ƙofar gaba, nisan sansani na biyu. Idan kika zuba sababbin abubuwa huɗu, ba ke ba, ba masu suka ba, babu wanda zai san wanne ne ya ɓata wasan. Haka wajen gyara: abu ɗaya a kowane zubi, ki sa wa zubin lamba, ki rubuta abin da kika canja da dalili, ki ajiye tsohon kada ki goge. Ki kuma dinga tambayar mai suka ɓangaren da yake bugawa. Idan 'yan Zerg kaɗai ke kuka, ki bincika. Idan ɓangarorin uku kowa na cewa an cuce shi, wataƙila kin kusa daidai. Sukar da ta fi kowace daraja ita ce ta wanda ya ci wasa sannan ya ce miki abin da ya yi bai kamata ya yiwu ba.

Tambaya: Dole ne taswira ta zama gefe biyu iri ɗaya? Kuma taswirar da aka cika ta da dukiya, kamar Big Game Hunters ta StarCraft, ba ha'inci ba ne? *Mai karatu daga Kumasi*

Amsa: Ba ha'inci ba ne, tun da kowa ya samu. Wani wasa ne dabam: idan dukiya ba ta ƙarewa a gida, babu dalilin fita neman sabon sansani, sai a koma tara runduna. Mai son haka ya more, kada dai a auna ta da ma'aunin taswirar gasa.

Kuma ba dole gefe biyu su zama ɗaya ba. DotA taswirar masoya ce da aka gina a Warcraft III a 2003, ta ɗauko tunaninta daga Aeon of Strife ta StarCraft, kuma gefenta biyu ba su taɓa zama hoton juna ba. An yi shekaru ana gardama kan ramin dodon nan Roshan da gefen da ya fi sauƙin kaiwa gare shi, har a 2023 Valve, kamfanin da ya yi Dota 2 magajiyar DotA, ta faɗaɗa taswirar ta ba shi rami biyu yana sauyawa tsakaninsu. Sai dai su suna da miliyoyin wasanni da za su duba. Kai da abokanka shida, ku tsaya a kan juyi.

Tambaya: Intanet ɗinmu ba ta da ƙarfi, kwamfutata kuma tsohuwa ce, don haka The Battle for Wesnoth muke bugawa, wanda ake yi bi da bi. A taswirar da na zana, mai fara tafiya shi ke yawan ci. Me zan yi? *Mai karatu daga Maraɗi*

Amsa: Ka yi zaɓi mai kyau, wasan kyauta ne kuma da manhajar zanensa yake zuwa. Matsalarka ta duk wasan bi da bi ce: a taswira mai gefe biyu iri ɗaya, na farko yana gaba da rabin zagaye a komai.

A Wesnoth ƙauyuka ne dukiya. A tsarin da aka saba na wasan mutum biyu, kowa na farawa da zinare 100, kowane ƙauye na kawo 2 a zagaye, yana ɗauke nauyin soja mai mataki ɗaya, yana kuma warkar da wanda ya kwana a ciki da maki 8. Mai mashi na Loyalists, ɓangaren mutane masu biyayya ga sarki, zinare 14 ne, sojan Orc na ƙasa 12. Ke nan ƙauye ɗaya da ya sauya hannu bambancin 4 ne a kowane zagaye, wato sabon soja duk bayan zagaye uku ko huɗu.

Saboda haka kada ka sa ƙauye a tsakiyar taswira daidai, na farko ne zai riga kullum. Ka ɗauki takarda ka rubuta, ga kowane ƙauye, a zagaye na nawa mai shi zai kai da soja mai tafiyar gida 5 a zagaye (gida shi ne wuri ɗaya a kan taswira), kuma a zagaye na nawa mahayin abokin gaba mai tafiyar gida 8 zai iya kaiwa. Duk ƙauyen ɗan wasa na biyu da mahayin na farko zai iya shiga kafin mai shi ya iso, ka matsar da shi baya da gida ɗaya ko biyu. A nan karya daidaiton zane shi ne gyara. Masu buga Advance Wars a intanet da wata hanya suke bi, sukan ba na biyu sojan ƙasa ɗaya tun kafin a fara. Kai ma kana iya ba na biyu ƙauye ɗaya a hannu tun farko, amma ka gwada matsar da ƙauyukan tukuna.

Sai lokaci. Yini a Wesnoth zagaye 6 ne: asuba, safiya, la'asar, magariba, sai dare kashi biyu. Sojojin rana na ƙara kashi 25 cikin ɗari da rana su rasa 25 da dare, na dare kuma akasin haka. Idan an fara da asuba, dare na faɗuwa a zagaye na 5 da na 6. Taswirar da ta yi ƙanƙanta, Orc da Undead, waɗanda sojojin dare ne, za su iso ƙauyukan abokin gaba daidai faɗuwar dare da cikakken ƙarfinsu, kuma idan su ne na farko abin ya zama biyu. Wadda ta yi girma kuwa, kafin su iso gari ya waye, su juya ba su yi komai ba.

Ka duba ƙasar da ke layin karo kuma. Elf a daji kashi 60 zuwa 70 na bugun da aka kai masa ba ya samunsa, Dwarf a kan dutse kashi 70, mahayan dawakin Loyalists kuwa ba sa hawa dutse sam. Daji uku a jere kusa da ƙauyen gaba katanga ce da mai Elf zai zauna a kai ba mai tayar da shi. Ka warwatsa su, daji ɗaya nan, tudu ɗaya can, ka bar fili a tsakani, sannan ka tabbata kowane ƙauyen gaba ana iya kai masa hari daga gida biyu ko uku, kada ya zama ɗaya, kada kuma ya kai biyar.